Ranar da Aka Ɗauki Motar Yaya Baharom a Kafaɗa

Mijin yayata, Yaya Baharom, shekara talatin da ɗaya ya yi yana duba tikiti a jirgin ƙasa, kuma tun ranar da ya yi ritaya yake ba mutane labarin tafiye-tafiye kamar shi ya shimfiɗa dogon. Bai taɓa canza taya ba. Ko ruwan shayi bai taɓa dafawa ba. Amma in ka zauna da shi a rumfar mai kofi a garinmu Temerloh, kafin kofinka ya huce ya gama koya maka yadda ake ƙetare teku da gora biyu.

Rigimar ta taso ne a kan wata tsohuwar ƙaramar bas da ɗansu Faizul ya bar musu da ya sami aiki a Johor. Yayata Sepiah ta sa rai a kanta tun ranar farko. Shekara goma sha tara tana ɗaure tukwanen shinkafar kwakwa da miyar kifi a bayan babur kowace safiya zuwa bakin kasuwa, har gwiwoyinta suka gaji, ta kai sai a kan kujera take sallah. So take a cire kujerun motar a jera tukwane, ta riƙa sayar da abincinta tana zaune. Ba ta gama faɗa ba ashe Yaya Baharom ya riga ya sayo zarto. Wata huɗu yana ƙwanƙwase-ƙwanƙwase a bayan gida, sannan ya kira mu ya yaye tamfol.

Ya sa gado, ya sa risho da ƙaramin firji, ya ɗora tankin ruwa da farantin sola a kan rufi, ga rumfa mai naɗewa a gefe. Ya ce wannan ba mota ba ce, gida ne, kuma gidan da ba ya neman komai a wurin kowa. Ya ce da shi zai bi bakin teku tun daga Kuantan har iyakar ƙasa, ba otal, ba gidan abinci, ba "don Allah malam".

Sepiah ta zagaya motar sau ɗaya, ta leƙa inda ta so jera tukwanenta ta ga gado. Na ga ranta ya ɓaci sosai, amma ita ba mai hayaniya ba ce.

"Baban Faizul," ta ce, "kai da ba ka san inda cokali yake a gidanka ba?"

Daga nan aka yi yarjejeniya. Kwana bakwai za a yi a hanya, daga Kuantan zuwa ƙauyenmu na haihuwa a gaɓar Terengganu, a ƙarasa ƙofar gidan babban wanmu Deraman kafin kiran sallar Juma'a. In Yaya Baharom ya buɗe baki ya nemi taimakon wani ɗan Adam ko sau ɗaya, mota ta zama ta Sepiah. In bai nema ba, mota tasa ce har abada, ita kuma ta koma kan baburinta. Ni, Rohaya, aka ɗauka shaida, don mijina ya rasu, 'ya'yana sun watse, ba ni da aikin da ya wuce sa ido. Ni da Sepiah a gadon ciki, shi a tanti. Kuma ba zan ɓoye ba, tun ina budurwa ba abin da nake so kamar in ga an kama Yaya Baharom da cika baki.

Zangon farko Cherating. Muka tsaya a ƙarƙashin itatuwan bakin ruwa, kusa da wasu mata da miji 'yan Kuala Lumpur masu wata gangariyar motar kwana sabuwa fil. Ba su tambaye shi komai ba, amma ya je ya yi musu bayanin duk kurakuran motarsu, sannan ya gayyace su su ga banɗakinsa na zamani: labule zagaye, da tiyo daga tankin da ya shafe da baƙin fenti don rana ta ɗumama ruwan. Ya shige da zani a ƙugu, yana ci gaba da bayani daga bayan labule. Tankin nan kuwa tun safe yake shan rana. Muka ji bayanin ya yanke. Sai ga shi ya fito da labulen a wuya, ya nufi teku da gudun da ban san yana da shi ba, ya bar famfon a buɗe. Kafin ya gama jiƙa bayansa, ruwan kwana uku ya ƙare a rairayi.

Da ya dawo ya ce gwaji ne, kuma ya nuna fentin yana aiki. Matar 'yar birni ta miƙo masa man ƙuna, ya ce ya gode, shi fatarsa ta saba. Da la'asar ya ɗauki jarka ya nufi masallacin ƙauyen, ya yi sawu goma sha ɗaya. Sepiah ta kawo ƙara wurina, shi kuma ya ce ruwan masallaci na Allah ne, kuma yarjejeniya ɗan Adam ta ce. Na duba na ga yana da gaskiya, na yanke masa, amma ban ji daɗi ba.

Rana ta uku muna wajen Kemaman, ya ce ya gano kuskurensa: inuwa. Ya zaɓi wani wuri a tsakiyar itatuwan kwakwa, ya faka daidai gindin mafi tsawo. Wata tsohuwa da ke shanya ƙananan kifi a kan tabarma ta ɗago ta dube shi, ta dubi saman itacen, ta ce a nan ko akuya ba ta kwanciya a wurin nan. Ya ce mata shi ya lissafa inda iska ke kaɗawa, Inna kada ta damu. Bai lissafa da birin ba. Da hantsi mai gonar ya zo da birinsa na tsinkar kwakwa a bayan babur, ya sake masa igiya daga can nesa, bai ma lura da mu ba. Muna cikin karyawa muka ji kwakwar farko ta faɗo a kan rufi. Ta biyu ta sami farantin sola a tsakiya. Yaya Baharom ya fito yana ɗaga hannu yana yi wa birin magana, birin ya leƙo, ya murɗe ta uku, ya sake ta a kan rumfar.

Mai gonar ya rugo yana ba da haƙuri, ya ce yana da ƙane mai gyaran sola a bakin titi, a kira shi? Na matso kusa, na kasa kunne. Yaya Baharom ya dube ni, ya ce dama yana da niyyar cire farantin, nauyi yake ƙara wa mota.

Ba sola, ba firji. Shi kuma ya cika firjin da kifi, don haka ya jona shi da batirin motar. Washegari da safe ya murɗa makulli, mota ta yi ɗan tari ta yi shiru. Turi take so. Ya dube mu, muka dube shi. Sepiah ta tuna masa cewa ita ma 'yar Adam ce, ni ma haka.

A nan ya ƙirƙiro dabarar da ta kusa kashe ni da haushi. Akwai wasu magidanta huɗu suna gyaran taru a inuwa. Ya je ya tsaya kusa da su, ya juya musu baya, ya dubi teku, ya ce da ƙarfi, "Ikon Allah. Mota lafiyayya, in da za ta ɗan gangara ko taku goma, da ta tashi." Ya sake faɗa. Mutanen kirki, suka ajiye taru suka tura.

Sepiah ta ce wannan roƙo ne. Ya ce tunani ne, kuma mutum yana da damar yin tunani a bakin teku. Muka yi ta yi har kifin firjin ya fara sa baki a maganar. A ƙarshe na yanke cewa bai ambaci kowa ba, bai ce "ku" ba, bai ce "don Allah" ba. Wannan hukunci ya yi mini ciwo, don na ga Sepiah ta juya tana murza gwiwarta.

Amma yayata ba ta kwana da haushi a banza. Da muka tsaya sayen ganye a kasuwar Dungun, ta ba wa mai kayan miya labarin yarjejeniyar, ba ƙari ba ragi. Mai kayan miya tana da 'yar'uwa a ƙauyen gaba, 'yar'uwar tana da waya. Motarmu kuwa ba ta wuce gudun keke mai kyau, don haka labarin ya riga mu ko'ina. Duk inda muka faka, kuma yanzu a kan gangara kawai yake faka ta, sai mutane su taru. Wani ya ce, "Alhaji, a kama maka igiyar tantin?" Wani ya ce, "Alhaji, ga ashana, in ka ce a ba ka." Wani tsoho ya kawo kujerarsa ya zauna tun azahar yana kallon Yaya Baharom yana kokawa da risho a cikin iska, duk minti biyar ya ce, "Ni dai ina nan." Yaya Baharom ya rame. Ƙudajen rairayi sun cinye masa ƙafafu, bayansa na saɓa, ya koma cin biskit da ruwa, amma bai nema ba.

Aka wayi gari Juma'a, saura tafiyar rabin awa. Gaskiya na fara saddaƙarwa, Sepiah ma haka. Da safen nan na ji tana waya da mai gyaran baburinta tana cewa ya duba mata birki kafin ta dawo. In da Yaya Baharom ya bi kwalta shiru, da ya ci.

Amma shi bai iya shiru ba. Ranar Juma'a masunta ba sa fita teku, duk mazan ƙauyen suna bakin ruwa suna gyaran jirage. Ya ce mutumin da ya yi abin da ya yi ba zai shiga gari ta bayan gida kamar mai tallan kifi ba. Ta bakin teku zai shiga, a kan rairayi, yana hon, a gaban kowa. Sepiah ta ce a wurin nan ne rafi ke shiga teku, rairayin samansa ne kawai busasshe, kuma ruwa ya kusa juyowa. Ya zaro waya ya nuna mata jadawalin lokutan cikowar teku da janyewarta, ya ce ruwa ba zai ciko ba sai bayan la'asar, shi da ilimi yake aiki ba da "kakata ta ce" ba. Na karɓi wayar na duba. Jadawalin Port Klang ne, wancan tekun na yamma, can ɗaya gefen ƙasar. Mutumin tudu ne, a wurinsa teku teku ne. Na miƙa masa wayarsa ban ce komai ba, tunda bai tambaye ni ba.

Farkon shigar ta yi kyau, ba zan hana shi ba. Ya sa hularsa, ya fito da gwiwar hannu ta taga, yana hon, mutane suna miƙewa daga gindin jirage. Muka zo daidai bakin rafin, mota ta yi kamar ta tuna wani abu, ta tsaya. Ya taka mai, ta zauna. Ya sa giyar baya, ta ƙara gyara zama. Ya fito ya ce ƙaramin abu ne, ya ɗauki murfin tukunyar Sepiah ya fara haƙa. Duk abin da ya kwashe sai ruwa ya tsattsafo ya mayar. Ya cusa tabarma a ƙarƙashin taya, taya ta haɗiye ta. Ya cusa labulen wanka. Yana durƙushe a haka kumfar farko ta zo ta lashi tafin ƙafarsa.

Wanmu Deraman ya iso a hankali, da sandarsa, bayansa maza sun kai sittin. Sun ɗauko dogayen gorori da igiyoyi, waɗanda ake gayyar ɗaukar gida da su in wani zai matsar da ɗakin katakonsa daga bakin ruwa. Suka zube gororin a gefen motar. Suka koma inda ruwa bai kai ba, suka zauna a jere.

"Sannu da zuwa, surukina," in ji Deraman. "An ce mana gida ka zo da shi. To, gida mun iya ɗauka. Sai dai ka san al'ada: ba a ɗaga gidan mutum sai mai gidan ya nema da bakinsa. In ba haka ba sata ce."

Yaya Baharom ya share gumi, ya juya musu baya, ya dubi teku. "Ikon Allah," ya ce. "In da wannan motar za ta ɗan ɗagu."

Deraman ma ya dubi teku. "Ikon Allah," ya ce. "In da za ta ɗagu kuwa, da an ji daɗi."

Mutum sittin suka dubi teku suka ce haka ne. Wani daga baya ya yi tunaninsa da ƙarfi cewa injin da ya sha ruwan gishiri ba ya ƙara tashi. Wani ya yi tunanin cewa kifi za su ji daɗin gadon. Liman ya duba agogo ya yi tunanin cewa nan da minti arba'in kowa zai tafi wanka. Mata sun cika tudu, masu waya sun ɗaga waya. Na yi dariya har na zauna a rairayi.

Ruwa ya rufe tayoyi, ya fara taɓa ƙasan ƙofa. A nan dariyata ta tsaya, don na dubi Sepiah. Ta gane abin da ni ban lura ba: mutumin nan zai iya tsayawa a haka har teku ta cinye motar, ba tasa ba, ba tata ba. Ta tattare zaninta ta shiga ruwan, tana dafa jikin motar, kowane taku sai ta cije leɓe. Ta je gaban Deraman.

"Yaya," ta ce, "ni na roƙa. Ni ma gidana ne. Ku ɗaga, ya riƙe abarsa. Na yafe."

Deraman ya sunkuyar da kai, ya fara yi wa mutanensa alama. Na ji kamar in yi kuka, shekara goma sha tara a kan babur, kuma ga shi ita ce ta roƙa.

Yaya Baharom yana tsaye da murfin tukunya a hannu. Ya dubi matarsa, igiyar ruwa ta zo ta buge ta a gwiwa, ta yi taga-taga ta kama madubin motar. Har yau ban san ko tausayinta ne ya kama shi ba, ko kuwa bai iya jure a ce matarsa ce ta yi roƙo a madadinsa a gaban gari ba. Ina jin duka biyun ne.

"Ba ita ba ce mai gida," ya ce. "Yaya Deraman, ku taimaka mini."

Deraman ya kai hannu kunne. Ya ce iska ta yi yawa, shi kuma ya tsufa.

"Don Allah ku taimaka mini!"

Deraman ya juyo wurina ya ce ko shaida ta ji. Na ce na ji, amma don kada a yi gardama gobe, gara a ƙara ɗaya. Ya ƙara.

Ban taɓa ganin aiki da sauri haka ba. Wasu suka kwashe kaya, wasu suka tone gefen tayoyi, aka zura gorori ta ƙarƙashi, aka ɗaure. Aka ce kowa ya matsa, sai Yaya Baharom ya faɗa kujerar direba ya kama sitiyari, ya ce ba wanda ya san halin motar nan sai shi. Ba lokacin gardama, aka bar shi. Liman ya yi addu'a, Deraman ya ƙirga uku, mota ta fito daga laka da wata irin ƙara, ta hau kafaɗu. Haka aka bi da ita ta gaban jirage, ta gaban masallaci, ruwa na zuba daga ƙasanta, shi yana ciki yana murza sitiyari. Da aka zo kwanar gidan Deraman har sigina ya kunna.

Al'ada ce wanda aka yi wa gayya ya ciyar da masu gayya. Ana saukowa daga masallaci Sepiah ta riga ta sa an fitar da gadon, ta jera tukwanen matar Deraman a wurinsa, ta zauna a bakin ƙofar motar tana zuba shinkafa da miyar kifi, layi har bakin titi. Shi kuma yana gefe yana gaya wa wani kurman tsoho cewa a duk ƙasar nan ba motar da ta taɓa tafiya da inji sittin sai tasa.

Da mutane suka ragu ya zo ya tsaya a gabanta. Ya ɗauki lokaci yana cire makullin daga zobensa, sannan ya ajiye mata a kan murfin tukunya. Ta dube shi, ta dubi makullin, ta tura masa da bayan ludayi.

"Ka san ban iya tuƙi ba," ta ce. "In mun koma, kullum bayan asuba ka kai ni bakin kasuwa, ka dawo ka ɗauke ni da hantsi."

Ya ɗan miƙe wuya. "Roƙona kike yi?"

"Roƙonka nake yi, Baban Faizul. Ni ba ya yi mini ciwo."

Ya buɗe baki, na gyara tsayuwa ina jiran lacca. Sai ya rufe shi. Ya sa makullin a aljihu, ya naɗe hannun riga, ya jawo bahon kwanonin da aka ci abinci, ya tsuguna. Can ya ɗago ya tambaye ni, a hankali yadda ba wanda zai ji, ko da wane gefen soson ake wankewa.